Asabar takwas a saman shagon mai walda

Matakalar ƙarfe ce mai hawa goma sha bakwai. Tun ranar farko na ƙirga su, don gwiwata ta hagu ba ta shiri da hawa. A ƙasa mai walda ne, gefensa yarinya mai cire kuɗin momo, wato kuɗin waya, a sama kuma ɗaki guda mai faɗi da aka jera wa tebura a jikin bango uku. Nan na kai sidi 400 da Asabar takwas a ajin koyon manhaja, kuma tunda mutum uku sun tare ni a ƙofar masallaci suna tambaya ko su tura 'ya'yansu, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan wurin kam zan bar shi a cikina. Akwai maganganun da ba za su yi wa mai shi daɗi ba, ga shi kuma muna haɗuwa a suna da jana'iza. Ɗan unguwar Aboabo ta nan Kumasi dai ya san allon da nake nufi, mai hoton saurayi da kwamfuta a cinya yana murmushi, an rubuta a ƙasa da Turanci cewa a koyi manhaja mai buɗaɗɗen tushe a samu aikin dala daga gida.

Ni ba aikin dala ya kai ni ba. Shekara 22 ke nan ina buga takardu a Asawase: katin aure, katin suna, takardar haya, kalandar makarantar Islamiyya. Abin da ya kai ni ƙarami ne. Ɗan ƙanwata ya sa mini wata manhajar lissafin shago a waya, wadda nake rubuta ciniki da bashi a ciki, tana kuma fitar da rasit. Na shiga jerin harsunanta na ga Larabci, Faransanci, Suwahili, har da Hausa. Da murna na danna Hausa, sai na tarar da rabi Hausa rabi Turanci, kamar tuwon da aka sauke bai nuna ba. In kuma na buga rasit, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya faɗo sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Wata Hajiya mai kamu ta taɓa dawo mini da rasit tana tambaya ko zagi na ɓoye a cikin akwatunan. Da na yi wa yaron ƙorafi sai ya ce, "Kawu, ai ba ta kamfani ba ce. Kai ma kana iya shiga ka gyara." Na ɗauka raini ne. Shi ya nuna mini allon.

Mai wurin wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ba ya koyarwa, kuɗi yake karɓa. Mai koyarwa yarinya ce da ta gama Tek, wato jami'ar Kwame Nkrumah ta nan Kumasi, sa'ar 'yata ta fari. Ina ce mata Malama, tana ce mini Baba. Duk abin da zan yaba a wurin nan, kusan nata ne.

Mu 14 ne a aji, mata biyar, kwamfutocin da ke tashi tara. Tsofaffi ne 'yan gwanjo, amma an sa musu Linux Mint, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, kuma ban ga wadda ta tsaya tana tunani kamar tawa ta shago ba. Wanda bai zo da tasa ba sai ya raba da wani. Darasi daga ƙarfe tara zuwa biyu, da hutun Azahar, akwai buta da tabarma a baranda. Da Hausa Malama take koyarwa, tana tsoma Turanci, in ta juya wajen samari biyu Tonawa, wato Asante, da ke cikinmu sai ta koma Tonanci ba tare da ta ja numfashi ba. Mai waakye, wato shinkafa da wake, ta ƙasan bene tana ƙarar da tukunyarta kafin sha ɗaya, don haka mai son ci ya saya tun da safe.

Asabar ta farko bayani ne, kuma ya yi ma'ana. Ta ce manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda aka baje rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba. Wani yaro ya ce ashe kyauta ce ke nan. Ta ce a'a, 'yanci ake nufi, ba rashin farashi ba, mutum na iya sayar da ita ma. Abin da ke tsare ta shi ne lasisi. Mai suna GPL ya ce in ka gyara ka raba wa mutane, dole ka ba su rubutun gyaranka da irin sharaɗin da ka samu. Mai suna MIT ya ce yi yadda ka ga dama, kada dai ka goge sunan masu ita da takardar lasisin. Na ce mata na farkon ya yi kama da rijiyar waƙafi, ka sha, ka yashe, amma ba ka kewaye ta da katanga. Ta ce in riƙe wannan, ya fi abin da ke littafinta. Ta ba mu labarin Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, da ya saki Linux a 1991, ta kuma sa kowa ya ɗaga wayarsa ta Android, ta ce zuciyar abin da ke hannunku shi ne wannan. Shi dai mutumin ne ya rubuta Git a 2005, manhajar da ke riƙe tarihin duk gyaran da aka yi wa aiki, abin da zai hana ni barci mako biyu.

Asabar ta biyu kuwa asara ce tsagwaronta. Buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji ana aiki tare, aka ce za a yi, abin minti goma. Rabin ajin sun manta kalmar sirrin imel ɗinsu, wasu lambar da suka yi rajista da ita ta tafi da wayar da aka sace. Da aka wuce nan sai aka zo ga maganar mabuɗi, don tun watan Agusta na 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri daga baƙin allon da ake rubuta umarni, sai da wata doguwar lamba ta musamman ko mabuɗin SSH. Wannan ƙa'idar tsaro ce, ba ta da laifi. Laifin na masu ajin ne da ba su ba mu takarda tun ranar biyan kuɗi ba, a ce kowa ya zo da imel mai aiki da waya mai caji. Sidi 50 na wannan ranar sun tafi a kallon ƙeyar mutane.

Daga ta uku abin ya miƙe. Malama tana da wata ɗabi'a da ta ba ni haushi da farko: ba ta taɓa madannan kowa. In ka maƙale ka kira ta, sai ta zo ta tsaya a bayanka, hannu biyu a baya kamar mai duba jarrabawa, ta ce, "Baba, karanta mini abin da ya ce maka." In ce ai jan rubutu ne ya fito. Ta ce, "To me jan rubutun ya ce?" Sai in karanta, in ga ashe ya faɗa mini abin da zan yi, tsoro ne ya hana ni gani. Shekara 22 ina danna maɓallin rufewa duk lokacin da kwamfuta ta yi mini magana.

Git ɗin da littafin bashi ta fahimtar da ni shi. Kowane gyara da ka yi ka rufe, wanda suke kira komit, layi ne a littafi, da sunanka da ranar da dalilinka, kuma na baya ba ya gogewa don an rubuta sabo. Aikin gaba ɗaya rumbu ne. Ba a barin baƙo ya zuba hatsi kai tsaye a rumbun mutane, sai ka kwafi rumbun zuwa naka, ka fitar da reshe, ka yi gyaranka a can, sannan ka aika takardar neman a haɗa. Masu riƙon aikin su duba, su karɓa, ko su ce gyara nan, ko su ƙi. Yaran suna ce wa takardar nan "pul rikwes", ni ma yanzu haka bakina ya saba.

Inda na fi daɗewa, kuma inda kuɗina ya fito, shi ne fassara. Manhajar tawa a Weblate ake fassara ta, wani dandali da wani ɗan ƙasar Cek mai suna Michal Čihař ya fara a 2012, shi ma buɗaɗɗe ne. Jimlar Turanci a sama, akwatin Hausa a ƙasa, ka rubuta ka wuce ta gaba. Daga baya dandalin da kansa yake kwashe aikin ya zuba a rumbun manhajar da sunanka a jiki. Na ce wannan ai aikina ne na kullum. Cikin awa ɗaya na share jimla sittin, ina ta hura hanci.

Jimla ta sittin da wani abu tana cewa an goge abubuwa kaza, sai dai a gurbin "kaza" akwai wata alama haka: %d. Na ɗauka datti ne, irin wanda ke maƙalewa in an kwafo rubutu daga wani wuri, na bar shi a waje. Nan take gefen akwatin ya yi ja. Malama ta zo, hannu a baya. Ashe %d kujera ce da aka ajiye wa lamba, manhajar ce za ta zaunar da 3 ko 40 a wurin idan lokaci ya yi, %s kuma kujerar suna ce ko kalma. In ka cire ta, mai amfani zai ga an goge abubuwa bai san nawa ba, wani lokaci ma manhajar ta rufe kanta. Kana da ikon matsar da kujerar inda Hausa ke so, don mu "abubuwa 3" muke cewa, lamba a baya, amma ba ka da ikon fitar da ita daga ɗaki. Na koma baya na tarar na yar da guda bakwai.

Sai maganar jam'i. Akwati biyu ake ba Hausa, na ɗaya da na da yawa. Amma Bahaushe yana cewa "kwana uku", yana cewa "sidi goma", ba ya wahalar da kansa da jam'i in lamba na nan. Sau da yawa abu ɗaya na rubuta a akwatin biyu, na bar bayani don kada wani ya zo ya ɗauka lalaci ne.

Talata da dare na buɗe waya na ga an taɓa mini jimla 61. Wani mai duba fassarar Hausa ne, daga rubutunsa na gane ɗan Najeriya ne. Na rubuta "manhajar ya rufe", ya mayar "ta rufe". Na rubuta "kara", ya mayar "ƙara". Na rubuta "dauki hoto", ya sa wa d ɗin ƙugiya. Haka har ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kakan babana daga Katsina ya taso da fataucin goro, ya zauna Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watso su kudu har suka ƙare a Zangon Kumasi. Da Hausa aka yi mini huɗuba, da ita nake mafarki, yau wani da ban taɓa gani ba zai bi ni da jan biro?

Gaskiyar ita ce bai yi ƙarya ba. Hausarmu ta Zango ba ta damu da mace da namiji ba, "ya zo" muke ce wa uwa da uba, kuma yawancinmu ba ma bambanta ƙ da k a baki, balle a takarda. Ni na san ƙa'idar, da ita nake buga wa mutane kati, amma da na saki jiki ina sauri sai bakina ya riga hannuna. Wannan da kuke karantawa ma sai da na bi shi sau biyu ina farautar "ya" da "ta".

Ranar Asabar na kai ƙara. Malama ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma goyi bayana ba. Ta ce, "Baba, shi ma ba shugabanka ba ne, ɗan gayya ne irinka. Kowace jimla tana da wurin magana a ƙasanta. Inda ya fi ka gaskiya ka bar masa, inda ka fi shi ka kawo hujja." Na zauna na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Hamsin da huɗu nasa ne, babu gardama. Bakwai na tsaya a kansu. Ya sa "soke" a maɓallin da mutum ke dannawa in ya canza shawara kafin ya aika abu, na ce "fasa" ya fi, don abin da aka riga aka ƙulla ake sokewa, wanda ba a kai ga yi ba fasawa ake yi. Ya sa naira a wani misali, na ce a Maraɗi sefa ake kashewa, a nan sidi, a ce "kuɗi" kawai. Washegari ya amsa, da sallama da komai, ya kira ni Malam, ya karɓi biyar, ya kawo dalilinsa a kan biyu, ni ma na ga dalilin. Daga nan muka buɗe jerin kalmomi na aikin, don wanda zai zo bayanmu kada ya rubuta "adana" a wani shafi, "ajiye" a wani. Har yau ban san fuskarsa ba, ban san ko yaro ne ko dattijo ba.

A ranar Malama ta nuna mini abu biyu da ban san da su ba. A jerin tsarin madannai na Linux akwai Hausa ta Najeriya, akwai kuma Hausa ta Gana, a rubuce. A kundin harsuna na Unicode ma, bayan ha da ke nufin Hausa, akwai ha_GH tamu, kusa da ha_NG da ha_NE. Ta ce in ina so ana iya roƙon masu aikin su buɗe mana reshen Gana daban. Na tambaye ta wa zai riƙa bin sa duk lokacin da aka ƙara sabbin jimloli. Ta kalle ni kawai. Na ce a bar shi. Gara Hausa guda da Kano da Damagaram da Kumasi za su karanta, in dai ana jin muryarmu a wurin zaɓen kalma.

Akwatunan rasit kuwa ba fassara ba ce, kuma ban iya rubuta kod ba, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, har yanzu ban iya ba. Abin da aka koya mini shi ne kai ƙorafi yadda za a ji. Na farko da na rubuta cewa na yi Hausa ba ta fita daidai, a gyara. Malama ta ce in mutum ya shigo shagona ya ce "katin bai yi kyau ba" ya juya ya fita, me zan gyara? Sau uku ta mayar da ni. Na ƙarshe ya ƙunshi lambar sigar manhajar, irin wayata, abin da na danna daki-daki, abin da na sa ran gani, abin da na gani, hoton rasit ɗin, da haruffan da kansu, ɓ ɗ ƙ, har da ƴ da 'yan Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. Ta kuma sa na fara bincika ko wani ya riga ni kai irin ƙorafin.

Kwana 19 shiru. A cikin kwanakin nan wani yaro mai kaifin kai a ajinmu ya daina zuwa, don shi ma ya aika gyara wani wuri ba a kula shi ba, ya ce wulaƙanci ne. Nan ina ganin ajin ya gaza: da an gaya mana tun farko cewa shiru shi ne abin da aka fi samu, kuma kafin ka zaɓi aiki ka duba yaushe aka amsa wa na gabanka. Sai a mako na shida Malama ta faɗi haka, bayan yaron ya tafi. Mai riƙon tawa manhajar da ya amsa, haƙuri ya fara bayarwa, ya ce da rana yana wani aikin, wannan da dare yake yi in yara sun yi barci. Ya ce salon haruffan da rasit ke amfani da shi ne ba shi da namu, ya canza zuwa Noto Sans, ya turo mini in gwada. Malama ta ce sunan Noto ma daga nan ya samo asali: masu harkar suna kiran akwatunan nan da sunan awara, don kamar da suka yi da yankanta, Google kuma ya yi haruffan ne da nufin kada a ƙara ganin awara a rubutun kowane harshe. Na buga rasit na gwaji da sunan ƙosai da ɗanwake da ɓawon gyaɗa, duk suka fito da ƙugiyoyinsu.

Pul rikwes ɗina na kaina layi biyu ne tak, a takardar bayanin aikin, inda na ƙara yadda mai son fassara zai sami jerin kalmomin nan. Ranar da alamar ta koma shunayya, wato an haɗa, na nuna wa uwargida. Ta ce to nawa aka biya.

Asabar ta shida an fita da mu taswira. OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, ita ma gayya ce, kuma doka ta farko da aka ba mu ita ce haramun ne kwafa daga taswirar Google, sai abin da idonka ya gani. Muka bi lunguna da waya muna sa famfo, kemis, bayan gida na haya, da gadojin katako da ke kan kwata. Na ji daɗin ganin akwai gurbin sunan hukuma, akwai na sunan da mutanen unguwa ke kira, akwai na Hausa, don rabin titunanmu sunan da ke kan allo ba shi direban pragya, keken haya mai ƙafa uku, ya sani ba. Sai dai da tsakar rana aka fitar da mu, ba a kuma sanar da kowa a unguwar ba. Wata mai tuwo ta ga ina danna waya a gaban rumfarta ta ce, "Alhaji, in 'yan haraji ne suka turo ka ka faɗa mini." Da an fara gaida mai unguwa da limami, da ba haka ba.

Ta bakwai ta murya ce, Common Voice na Mozilla, inda kake karanta jimlolin Hausa a naɗa, wasu su saurara su tabbatar, don a samu abin koya wa na'ura jin magana. Niyya mai kyau, musamman da yake harshen Zango ba shi da yawa a irin waɗannan wurare. Amma wa ke naɗar murya a saman mai walda? Duk abin da na karanta, da ƙarar injin yankan ƙarfe a bayansa. A gida na sake yi bayan Asuba.

Sau biyu aka ɗauke wuta muna tsakiyar aiki. Akwai janareta a ƙarƙashin matakala, babu fetur a ciki, kuma duka biyun sai da Alhaji ya sa aka bi mu da roba ana karɓar sidi biyar biyar. Wanda ya biya 400 bai kamata a bi shi da roba ba. Intanet ɗin tana tafiya lafiya har sai mutum uku sun fara sauke abu a tare. A ƙarshe kuma aka ce takardar shaida sidi 50 ce daban. Ban karɓa ba. Ni mai buga takardu ne, na san nawa ake buga irinta, kuma duk mai son ganin abin da na yi yana iya buɗe shafina ya ƙirga, da rana da wata.

Babban abin da ke ci mini rai shi ne allon nan. Yara shida a ajinmu saboda dala suka zo, ɗaya ma mahaifiyarsa ce ta ɗauki adashi ta biya masa. Da suka matsa wa Malama, ba ta ɓoye musu ba. Ta ce akwai shirye-shiryen da ke biya, irin Google Summer of Code da aka fara a 2005, wanda tun 2022 ba sai ɗalibi ba, da Outreachy mai ba da dala 7,000 na wata uku, amma duniya gaba ɗaya ake takara, kuma waɗanda ake ɗauka galibi sun riga sun yi watanni suna aiki kyauta a wurin, an san su. Ta ce Asabar takwas ƙofa take nuna maka, ba ta shigar da kai. Na ga fuskar yaron adashin a lokacin. Abin da ake sayarwa a ɗakin nan yana da kyau, ya kuma ci kuɗinsa a wurina, amma ba shi aka zana a waje ba.

Ga masu tambayata a masallaci: in yaronku yana karanta Turanci daidai gwargwado, don duk maganar da ake yi da masu riƙon aiki da shi ake yi, kuma yana da haƙurin a gyara masa rubutu a gaban jama'a, ku tura shi, ku haɗa shi da kwamfutarsa in akwai, ko tsohuwa ce. Malaman makaranta da masu aikin rubutu irina ma su je, fassara da taswira ba sa buƙatar kod. Mata biyar ɗin nan babu wadda ta fasa, biyu daga cikinsu sun wuce mu duka a Git, kuma na san iyayensu sun bar su ne don mace ce ke koyarwa. Ku tambaya tukuna ko ita ce za ta ɗauki ajin, in wani ne ban san abin da za ku tarar ba. Wanda kuma yake neman abin da zai biya haya wata mai zuwa, ya kai kuɗinsa Suame Magazine ya koyi gyaran mota.

Ni dai yanzu duk Lahadi bayan Isha'i ina fassara jimla ashirin, saura 212 manhajar ta cika, in ba su ƙaro ba, kuma kullum ƙarowa suke. Hajiya mai kamu ta karɓi sabon rasit ta juya shi gaba da baya ba ta ce komai ba.

Sabon aji zai fara bayan Sallah. Na sami Alhaji a baranda na ce masa in ya zuba fetur a janareta, ya kuma sa aka goge maganar dala a allo, zan turo 'yata ta biyu, ni zan ma buga masa sabon allon a kan kuɗin fenti kawai. Ya yi dariya ya ce, "Malam, fetur ɗin zan duba."